Me ya haɗa ɗan Gombe da teku?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da sauran ma'aikata kuna lafiya, Allah ya ƙara basira. Ranka ya daɗe ina roƙon ka ɗan sammin fili a jaridar nan taka, wata magana ce ta tsaya min a maƙoshi tun hutun da ya wuce, nace bari dai in amayar da ita ko na samu barci.

Ɗiyar ƙanina ce take karatun kimiyyar teku a wata jami'a can kudu. Ba shi ta nema ba, likitanci ta cike kamar kowa, maki bai kai ba aka ba ta wannan, ita kuma ta ce ta ji ta gani. Ranar da ubanta ya faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar wallahi dariya aka dinga yi har da masu riƙe ciki. Wani yace to in ta gama sai a haƙa mata teku a bayan tashar Bajoga, wani yace a'a a kai ta dam ɗin Dadin Kowa ta riƙa ƙirga dorina ana biyanta albashi. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma gida sai kunya ta rufe ni, don ni fa jogirafi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma a kan tagar ɗakina akwai wani dutse da ya isa ya rufe bakin duk wanda ke majalisar nan, ni ne na farko.

Wani tsohon ɗalibina ne ya kawo min dutsen, lokacin yana aiki a ramin da ake fasa dutsen siminti a Ashaka. Girmansa kamar babban curin fura, a naɗe kamar katantanwa, in ka ƙura masa ido za ka ga wasu layuka masu lanƙwasa a jikinsa kamar zanen lalle. Jikokina dodon koɗin Baba suke ce masa. Masana duwatsu kuma amonayit suke kiransa, wata halitta ce mai ɓawo da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, ba ta zama a kogi ko tafki, kuma irinta ya ƙare a duniya tun tuni. Na Ashaka ɗin an ƙiyasta sun haura shekara miliyan 90. To wa ya ɗauko halittar teku ya kawo Funakaye? Ba kowa, tekun ne da kansa ya zo. A wancan zamanin ruwan gishiri ya shigo ta dogon kwarin nan na Binuwai ya malalo ta wurinmu ya wuce ta Barno da Nijar, ya ratsa inda yau ake kira Sahara har ya haɗe da tekun da ke arewacin Afirka. Farin dutsen da ake ƙonawa a Ashaka tun 1979 ana yin siminti, ɓawon irin waɗannan halittu ne da lakar ƙasan teku suka taru suka daskare. Kai ɗaya daga cikin shimfiɗun duwatsun tekun nan ma sunan garinmu masana suka sa masa a littattafansu, Pindiga ta ƙaramar hukumar Akko, ɗalibin ilimin duwatsu a Faransa zai iya sanin sunan Pindiga bai san Gombe ba. Wato duk wanda ya yi bulo da simintin Ashaka ya gina ɗaki, a cikin gindin teku yake kwana bai sani ba, har da mai cewa a haƙa wa yarinya teku a bayan tasha.

Na san wani zai ce malam ina kai ina lissafin miliyoyin shekaru. To ni dai abin da na karanta a Suratul Ankabut, Allah cewa ya yi mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta. Kuma ba mu kaɗai ba ne, dutsen simintin Kalambaina a Sakkwato shi ma na teku ne, akwai ma wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono ƙasusuwansa a can aka raɗa masa suna da Goronyo. Man fetur na Kolmani da marigayi Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙarsa a watan Nuwamba 2022 a kan iyakarmu da Alkaleri, shi ma ai ragowar ƙananan halittun ruwa ne da laka ta binne zafin ƙasa ya dafa. Wannan dai mu bar shi, kowa ya san inda aka tsaya.

Abin da ya fi damuna shine ruwan sama. Na sha tambayar yara a aji, hadarin da ke haɗowa ya zubo mana a Yuni daga ina ya sha ruwansa? Sai su ce daga gabas, don daga gabas suke ganin ya taso. Gaskiyarsu, guguwar hadarin daga gabas take tahowa, amma danshin da take matsewa mafi yawansa iskar kudu maso yamma ce take ɗauko shi daga tekun Atlantika, ta mashigin Gini, ta turo shi arewa a hankali. Shi ya sa damina take fara sauka a Fatakwal da Kalaba tun Maris, mu sai wajen ƙarshen Mayu ko Yuni ta zauna, na Yobe su biyo bayanmu, in za ta tafi kuma ta fara barin su kafin mu. A Agusta da ruwa ke kan ganiyarsa a nan har masara na neman jiƙewa, su mutanen Legas ɗan tsaiko suke samu, ɗaya daga cikin dalilan kuwa ruwan tekun bakin gaɓarsu ne yake yin sanyi a lokacin. Manomin Kumo da na Dukku bai taɓa ganin teku ba amma ɗumin saman tekun nan yana da hannu a ko zai cika rumbu ko zai sayar da akuya ya sayi hatsi.

Dattawa sun tuna farin 1973 da na 1984, ni kaina na ga na biyun da idona ina matashin malami, shanu suna faɗuwa a hanya, 'yan uwanmu Fulani suna sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Da farko laifin a kanmu aka ɗora, wai mun sare itace mun yi kiwo fiye da kima shi ya kore ruwa. Ban ce sare itace abin kirki ba ne, amma tun 1986 masana yanayi na Ingila suka wallafa bincike da ya nuna farin yankin Sahel yana tafiya ne da canjin ɗumin tekuna, in tekunan kudu sun yi ɗumi na arewa ya yi sanyi sai iskar damina ta kasa turowa arewa sosai, bincike da yawa bayan nan kuma suka ƙarfafa maganar. A cikin shekarun nan ne Tafkin Chadi ya tashi daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Hasashen damina da NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ake cewa ruwa zai makara ko zai ɗauke da wuri, cikin abubuwan da suke dubawa har da ɗumin tekun Fasifik, abin nan da ake kira El Nino. To ka ga mai auna zafin teku ai aikin manomi yake yi ko bai taɓa riƙe fartanya ba.

Mu ma kuma muna aika wa tekun kaya. Ƙurar hunturu da ke toshe mana hanci, da yawanta daga wani busasshen gindin tsohon tafki take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, ta bi ta kanmu ta faɗa Atlantika ta zame wa ƙananan tsirran ruwa taki, wata ma ta tsallake har dajin Amazon na Burazil. Wannan na Allah ne. Namu na hannu shine abin da muke zubawa a Gongola. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa ya ratsa ƙasar Bauchi, ya yi kwana a Nafada ya gangaro kudu ta Dadin Kowa da Kiri ya faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, daga nan sai Neja Delta sai teku. Ledar fiya wata da yaro ya jefa a kwalbati, da ragowar maganin feshi da aka wanke a bakin rafi, da takin zamani da ruwan farko ya kwashe daga gona, duk hanyar da suka kama kenan, wanda dam bai tare ba ya wuce.

Maganar dam ɗin ce ma ta sa na gane yarinyar nan ba zaman banza take yi a makaranta ba. Da ta zo hutu muna hira a tsakar gida nake ba ta labarin yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni a cikin Gombe, sai tace Baba ai mu can kukan rashin yashi ake yi. Nace kamar yaya? Tace gaɓar teku kullum igiyar ruwa tana ɗibarta, abin da ke mayar mata shine yashi da lakar da koguna suke kawowa daga tudu, to tunda aka datse kogunan, Kainji a 1968 sai Jebba sai Shiroro sai namu na nan, yashin sai ya kwanta a gindin dam bai isa can ba. Wato ƙasa ɗaya ce take yi mana ɓarna sau uku, ta bar gonar manomi ta bar masa rami, ta je ta cike dam ruwan da yake riƙewa ya ragu, can kuma gaɓa ta rasa abin da zai tare ta. Ta nuna min hotunan Ayetoro a waya, wani gari a ƙasar Ilaje ta jihar Ondo da teku ya cinye masa gidaje da makarantu, tace ba dam kaɗai ba ne, akwai hauhawar ruwan teku da nitsewar ƙasa da sare itatuwan gaɓa. Wallahi da na ga matan garin tsaye a kan katako ruwa ta ko'ina sai na tuna mutanenmu da rami ya zo musu har bakin zaure.

Haka ta ba ni labarin wata bishiya mai kama da kwakwa, nifa, da Turawa suka kawo Kalaba a 1906 daga ƙasashen Asiya, yanzu ta bazu tana korar itatuwan mangurob, waɗannan masu saiwa a cikin ruwan gishiri da kifi da jatan lande suke hayayyafa a ƙarƙashinsu. Nace mata ai wannan ita ce kachalarmu. Duk wanda ya san fadamun Hadeja da Jama'are da Nguru ya san yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta kori masunta da manoman shinkafa ta zama gidan tsuntsayen jan baki. Ciwo ɗaya ne, mai binciken wancan da mai binciken wannan ya kamata a ce suna da lambar juna.

Sai kifi. Je ka kasuwar Gombe ko Muda Lawal a Bauchi ka tsaya wajen masu kifin ƙanƙara, taitus da kote da shawa, ko ɗaya babu na ruwanmu, daga tekunan wasu ƙasashe ake kamo su a sauke a Legas a loda a mota mai sanyi ta kwana tana tafiya. Kirefish da matanmu suka koya sa wa a miya daga su Oron yake zuwa. Gwamnati da bakinta takan ce ƙasar nan na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce miliyan 1 da ɗoriya ba, sauran ko a sayo da dala ko a haƙura. Ƙasar da ke da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 daga Legas har Kuros Riba, ga Kwara ga Binuwai ga Chadi. Su kuma masuntanmu na Dadin Kowa ka zauna da su ka ji, za su ce maka giwan ruwa ya zama sai an yi sa'a, tarwaɗa da karfasa sun ƙanƙance, wasu na kamu da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan, wasu marasa tsoron Allah na zuba gubar gamale. Tun 2023 shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku ya ba Adegboyega Oyetola, kuma sashen kifi na tarayya an mayar da shi ƙarƙashinta, ka ga ko mun so ko mun ƙi masuncin Gongola da na Badagry ofis ɗaya suke kallo yanzu.

Na tambayi yarinyar to su malaman naku me suke bincike a kai takamaimai. Ta lissafo min da yatsu. Akwai mai bin ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke yawo a saman ruwa, su ne abincin farko da duk kifin teku ya dogara da shi. Akwai wata malama da ke yanka cikin kifi tana neman ɓurɓushin roba da leda, da mai auna dalma da sauran guba a naman kaguwa da dodon koɗin da ake ci, musamman inda mai ya malala, tace har yau rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni suke karantawa, wanda yace gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Akwai mai jera hotunan tauraron ɗan adam na shekaru daban daban yana auna mita nawa teku ya ci. Akwai mai nazarin wata ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa da tun 2011 take taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma tana cika wa masunta koma. Wani kuma inda ruwan daɗi ya haɗu da na zartsi a bakin kogi shine wurin aikinsa, ina jin haka na karanto mata ayar marajal bahraini ta Suratur Rahman, tace ai ita ma ranar da aka fara kai su wurin a kwalekwale ita ta faɗo mata a rai.

To ranka ya daɗe ga inda nake da ƙorafi, kuma da malaman jami'a nake, na can da na nan. Duk wannan ilimi ina yake zuwa? Ana rubuta shi da Turancin da ni mai digiri sai na karanta sau biyu, a tura wata mujalla a waje wani lokacin har a biya dala a buga, a ƙirga wa mutum takardu a ba shi farfesa, shi kenan. Na taɓa raka wani yaron unguwarmu ɗibar ruwa a dam don furojet ɗinsa na ƙarshe, mun yi kwana uku muna cika kwalabe, sarkin ruwa ya ba mu jirgi kyauta ya haɗa mu da yaransa, ya roƙi abu ɗaya tak, in an gano wani abu a dawo a faɗa musu. Yaron ya gama har ya yi bautar ƙasa ya yi aure, littafin na can kan kanta ƙura ta rufe shi, ba wanda ya koma. Duk sanda na haɗu da dattijon nan sai in ji kamar bashi yake bina.

Ban ce laifin malaman ne su kaɗai ba, kar 'yan ASUU su taso min. Na san wanda ke sayen kayan gwaji da albashinsa, na san ɗakin gwajin da firij ɗin ajiye samfur yake zama kabad saboda rashin wuta, ga yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas, wanda ya fara bin kifi daga damina zuwa rani aka rufe makaranta ai aikinsa ya tashi a banza. Binciken teku kuma tsada gare shi, jirgin ruwa da man da zai sha na kwana ɗaya ya fi ƙarfin aljihun malami. Amma zuwa gidan rediyo ka yi minti 20 da Hausa ko Fulatanci ko Tera ai ba ya buƙatar dala.

Kayan aikin fa akwai su a warwatse. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas tun 1975, akwai ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, akwai ta Tafkin Chadi a Maiduguri, jami'o'in Kalaba da Legas da Akure suna koyar da ilimin teku, mu kuma nan ga jami'ar ATBU ta Bauchi ga jami'ar jihar Gombe ga ta Kashere ga ta Gadau, da masana duwatsu da na halittu da na jogirafi. Abin da nake so in gani kafin in mutu shine TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu, ta ba da kuɗin bincike guda ɗaya da zai bi ruwan nan tun daga Nafada har inda ya faɗa teku, malamin Gombe ya auna na sama, na Yola da Makurɗi su karɓa, na Fatakwal ya tare a ƙasa, a lokaci ɗaya da ma'auni ɗaya, a san yashi nawa ya taso nawa ya isa, wace guba ce ta shiga a ina. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ai ba ta tambayi kowa jiharsa ba, daga Adamawa ta fara ta ƙare a Bayelsa. Sannan a sa sharaɗi, duk wanda ya ci kuɗin sai ya koma garin da ya ɗebi ruwa ya tara mutane a ƙofar fada ya faɗa musu abin da ya gani da harshen da suke ji. Jaridarku ma ranka ya daɗe tana da rawar takawa, ku ware ko rabin shafi ne a wata ku riƙa kamo malaman nan kuna matsa musu su yi bayani da Hausa, wanda ya ce kalmar ba ta da fassara ku ce ya kwatanta.

Iyaye kuma don Allah in an ba yaro irin wannan kwas a daina yi masa kallon wanda ya faɗi. Maganar aikin yi gaskiya ce, ni ma ina tunaninta, amma masu digirin da muke ganin sun fi daraja ma ga su nan muna zaune da su a majalisa.

Dutsen nawa yanzu ba ya kan taga, yarinyar ta naɗe shi a ɗankwali ta tafi da shi ta nuna wa malaminta mai koyar da su tarihin gindin teku. Ta bugo waya tace ya juya shi ya juya yana tambaya wai da gaske daga Gombe, har yana so a bar masa. Nace ta gaya masa aro ne, da hutun Sallah nake son abina, in yana son nasa ya hau mota ya zo Bajoga, akwai ɗakin baƙi akwai fura da kindirmo.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Tsohon malamin jogirafi,
Bajoga, jihar Gombe